Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Haƙoran Giya a Hanyar Banyo

Tsakanin garin Banyo na ƙasar Kamaru da tsaunin Mambila na jihar Taraba a Nijeriya akwai wata hanya wadda ba ta san kwalta ba. Takan haura ta Kan Iyaka, ta ratsa Mayo Ndaga, sa'an nan ta sadu da babbar hanya a wajejen Nguroje, inda mai nufin Gembu zai karkata kudu. Da rani ƙura ce ja mai shiga har cikin haƙori. Da damina kuwa, wadda kan kankama tun watan Afrilu ta kai Oktoba, jar ƙasar nan takan koma tamkar an shafa mata sabulu, ruwa ya haƙa kwazazzabai a tsakiyarta, ƙoramu su cika su tare matafiya. Motocin da suka saba da ita su ne tsofaffin Land Rover, waɗanda aka ƙera a Solihull ta ƙasar Ingila tun kafin a haifi mafi yawan masu tuƙa su a yau.

Ɗaya daga cikin masu tuƙin nan wani Bahaushe ne mazaunin Banyo, wanda ya gaji motarsa daga mahaifinsa kamar yadda wani kan gaji gona. Motar ƙirar Series IIA ce, irin wadda kamfanin Rover ya riƙa fitarwa daga 1961 zuwa 1971, mai tazarar inci 109 tsakanin aksul na gaba da na baya, da injin fetur mai silinda huɗu. Jikinta na alminiyam ne, shi ya sa tsatsa ba ta ci shi ba, ko da yake babu wani ɓangare nasa da guduma ba ta taɓa ba. Akwatin giyarta na asali ya daɗe da mutuwa, marigayi ya maye gurbinsa da na Series III, ƙirar da ta biyo baya daga 1971 zuwa 1985. Da wannan mota ake ciyar da gida mai baki tara: tsohuwarsa, da matarsa, da ƴaƴansa huɗu, da ƙanwarsa wadda mijinta ya rasu, da ɗanta guda, da shi kansa. Ɗan ƙanwar nan, mai shekara goma sha shida, shi ne yaron motar.

Aikin yaron mota a wannan hanya ya wuce ɗaure kaya da karɓar kuɗin fasinja. Idan aka doshi hawa mai tsanani, yakan sauka ya bi motar a ƙasa, rungume da weji, wato guntun icce mai kusurwa uku, domin da zarar ta tsaya ya cusa shi bayan taya kafin ta fara komawa da baya. Tsayawar kuwa ba abin mamaki ba ce. Tsaunin Mambila ya kai kimanin mita 1,600 bisa teku, iskarsa ba ta da kaurin ta ƙasa, inji kuma da iska yake ƙona mai. Ƙa'idar da makanikai suka sani ita ce, injin da ba shi da na'urar tura masa iska yakan rasa kusan kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita 300 da aka haura. A bisa tsaunin ke nan, kusan kashi ɗaya cikin shida na ƙarfin ya tafi tun ba a ɗora buhu ko ɗaya ba. Direban da ya ji inji yana nishi a tsakiyar hawa dabara biyu gare shi, kowace da sharrinta: ko ya riƙa taka kuloci rabi-rabi har ya ji ƙaurin ƙonewarsa, ko kuma tun daga ƙasa ya taho a guje, ya bar duwatsu su yi yadda suka ga dama da ƙarafan motar.

Wata rana cikin watan Agusta, suna komawa gida daga Nguroje da buhunan siminti da kwanon rufi da fasinja shida, suka ƙetare wata ƙorama wadda ruwanta ya wuce cibiyar taya, suka kama hawan da ke bayanta. Birkin irin waɗannan motoci na ganga ne a duk ƙafafu huɗu, idan ruwa ya shiga cikinsa kuwa sai ya bushe kafin ya kama sosai. Saura ƙiris su kai ƙoli inji ya fara shaƙewa. Direba ya taka kuloci don kada ya mutu, da takawar kuma ya raba inji da tayoyi, nauyin siminti ya ja motar baya. Ya danna birki, birki bai amsa ba. Yaron ya jefa weji, weji ya sulɓe cikin taɓo, sai ya kai ƙafa zai tura shi. Tayar baya ta bi ta kan gefen ƙafar kafin direban ya saki kuloci, inji ya mutu, gindin motar ya daki bangon ƙasar da ke gefen hanya ya tsaya.

Ƙasusuwa biyu suka karye a ƙafar yaron. Taɓon da ya jawo tsautsayin shi ne kuma ya rage shi, domin ƙafar ta nutse a cikinsa, da a kan dutse ne da wani labarin ake yi. Aka kai shi wurin maɗori, aka ɗaure. Da suka isa gida bayan kwana biyu, ƙanwar ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ɗaga murya ba. Ta dubi ɗaurin, ta dubi wanta, ta ce, "Yaya, ka san shi ke nan gare ni." Ba ta ƙara ko kalma ba. Daren nan direban bai runtsa ba. Ya auna sayar da motar, ya ga babu wata sana'a a hannunsa. Ya auna sayen babban injin gas, ya ga kuɗinsa ya fi ƙarfin gidan. Da gari ya waye ya ƙudurta zuwa wurin wani tsohon bakanike a Gembu, aminin mahaifinsa, wanda ya shafe fiye da shekara arba'in hannunsa cikin baƙin mai.

Tsohon ya saurare shi har ya kai aya, ya yi masa jaje, ya tambayi jikin yaron, sa'an nan ya ce, "Ɗana, injinka ba shi da laifi. Doki ne aka ɗora wa kayan raƙumi, aka kuma ce ya yi sauri. Abin da kake bukata mota ce mai iya tafiya sannu ba tare da inji ya mutu ba." Direban ya ce, "Baba, ai ina jan jar sanda, kuma a giya ta ɗaya nake hawa. Wane sannu ya rage?" Tsohon ya yi murmushi, ya ce da sauran sannu, ya sa aka kawo masa wani buɗaɗɗen akwatin giya daga ƙarƙashin tebur. Abin da na Banyo ke kira bwat, na Gembu giyabos yake ce masa, amma da aka ajiye ƙarfen a tsakaninsu ba su sake saɓani a kan suna ba.

Duk wanda ya taɓa leƙa gaban irin wannan mota ya ga sanduna uku kusa da direba. Mai baƙin kai ita ce ta giya huɗu da ribas. Mai rawayan kai, idan aka danna ta ƙasa, takan haɗa tayoyin gaba da na baya su ja tare. Mai jan kai ita ce ta giyar ƙarfi: a tura ta gaba, mota ta yi tafiyar babbar hanya, a jawo ta baya, gudu ya ragu, ƙarfi ya ƙaru, tayoyi huɗu kuma su kama ja ba sai an taɓa rawayar ba. Sanduna biyun nan na ƙarshe suna aiki ne a kan wani ƙaramin akwati da aka ɗaure da notuna a bayan babban akwatin giya, wanda aikinsa shi ne karɓar juyin inji ya raba shi tsakanin gaba da baya. A cikin wannan ƙaramin akwati maganar take.

Hikimar giya duk a ƙidayar haƙora take. Idan faifai mai haƙora 20 yana juya mai haƙora 40, sai ƙaramin ya zagaya sau biyu kafin babban ya zagaya sau ɗaya, gudu ya ragu da rabi, ƙarfin murɗawa ya ninka. A cikin ƙaramin akwatin, juyi yakan fito daga babban akwati ya shiga faifan tsakiya, wanda a haƙiƙa faifai biyu ne da aka ƙera a ƙarfe ɗaya: babba mai karkatattun haƙora, da ƙarami mai miƙaƙƙun haƙora. Daura da shi akwai shaf, wato sandar ƙarfen da ke kai juyi ga farfelar gaba da ta baya, ɗauke da faifai biyu, na gudu da na ƙarfi. Idan aka jawo jar sanda baya, faifan ƙarfi ne ke zamewa a kan shaf ya shiga haƙoran ƙaramin faifan tsakiya. Miƙaƙƙun haƙoran nan su ne ke yin kukan da kowa ya san Land Rover da shi in tana hawan dutse.

A giyar gudu akwatin yakan rage juyi kaɗan ne, 1.15 zuwa 1, kuma haka yake a tsofaffi da sababbin motocin da aka saba gani. A giyar ƙarfi aka sami bambanci. Tsofaffin akwatuna suna rage juyi 2.89 zuwa 1. Cikin shekarun 1960, zamanin Series IIA, kamfanin ya mayar da shi 2.35 zuwa 1, amma ya ƙara wa giya ta ɗaya ta babban akwati ƙarfi, daga kusan 3.0 zuwa 3.6, ta yadda abin da aka ɗebe a nan aka mayar a can. A Series III giya ta ɗaya 3.68 ce. Tukunyar aksul kuma tana rage juyi 4.7 zuwa 1. Tsohon ya tsuguna ya yi lissafin da tsinke a ƙasa. In aka ninka 3.68 da 2.35 da 4.7 za a sami kusan 41, wato inji zai juya sau 41 kafin taya ta juya sau ɗaya. In aka cire 2.35 aka sa 2.89, lissafin ya koma 50. Ƙarin kusan kashi 23 cikin ɗari ke nan, wanda ya isa ya mayar da abin da iskar tsauni ta ƙwace. Da taya irin ta 7.50-16, wadda kewayenta ya kai kimanin mita biyu da rabi, motar da ke tafiyar kilomita 3.7 a awa yayin da inji ke juyi 1,000 a minti za ta koma kilomita 3, tafiyar mai komowa daga rafi da tulu a ka.

Sai dai ba kowane tsohon akwati ne zai ba da abin da ake nema ba. Kamfanin yakan buga lamba a jikin akwati, a ƙarshenta da harafi. Masu harafin A suna da 2.89, amma sandar da faifan tsakiya ke juyawa a kanta siririya ce, faifansu ba zai zauna daidai a sabon akwati ba. Daga harafin C zuwa gaba sandar mai kauri ce, amma lissafin ya riga ya koma 2.35. Masu harafin B kaɗai suka haɗa biyun, sanda mai kauri da tsohon lissafi, kuma ba a daɗe ana ƙera su ba aka sauya. "Harafin B za ka nema," in ji tsohon. "In ka sami akwatin lafiyayye, mu ɗaura shi ɗungurungum. In ka same shi a fashe, haƙoransa muke so. Da tsohuwar zuma ake magani."

Neman ya ci kusan wata uku. A tsawon lokacin nan direban ya ɗauki wani yaron haya, ya riƙa loda rabin kaya, abin da yake samu da ƙyar ya kai cefane da mai. Karon farko wani mai sayar da tsofaffin ƙarafa a Banyo ya fito masa da faifan ƙarfi guda, ya rantse daga akwatin B aka ciro shi. Direban ya ƙirga haƙoransa, ya ga sun fi na wanda tsohon ya nuna masa yawa, ya biya da murna, ya kai Gembu. Tsohon ya ɗora faifan a gefen faifan tsakiya na sabon akwati, ya ƙi shiga. Dalilin a fili yake ga wanda ya tsaya ya duba. Ramukan da sandunan biyu ke zama a cikinsu tun wurin zubin akwatin aka ƙayyade su, tazarar da ke tsakaninsu ba ta ƙaruwa ba ta raguwa. Idan faifan ƙarfi ya ƙara girma, dole abokin cizonsa ya rage girma daidai gwargwado, haƙoran da wannan ya samu wancan ya rasa su. Don haka ba a sauya ɗaya a bar ɗaya. "Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka," in ji tsohon. "Kuma ina son waɗanda suka tsufa tare, domin haƙoransu sun riga sun san juna." Mai ƙarafan ya ƙi karɓar kayansa, kuɗin suka tafi.

Kafin ya sake fita, tsohon ya ba shi guzuri biyu: guntun alli, da wata tsohuwar sandar faifan tsakiya mai kauri wadda zai riƙa gwadawa da ita. Ya kuma koya masa yadda ake tambayar akwati ba tare da an buɗe shi ba. A sa baƙar sanda a giya ta huɗu, inda juyin da ya shiga babban akwati shi ne ke fita ba ragi, a jawo jar sanda baya, a yi alama da alli a kan shaf ɗin da ke shiga kuloci, a yi wata a kan gangar birkin hannu da ke bayan ƙaramin akwati. Sa'an nan a murɗa na gaban da hannu ana ƙirgawa, har gangar ta zagaya sau ɗaya. In an sami biyu da sulusi, sabon lissafi ne. In an sami uku ba kaɗan, tsohon ne. Wannan gwaji ya cece shi a Mayo Ndaga, inda aka nuna masa akwati mai harafin B ɓaro-ɓaro a jikinsa. Ya murɗa, ya ƙirga, ya sami biyu da sulusi. Wani bakanike a wata shekara da ta shuɗe ya riga ya sauya kayan cikinsa. Ya yi godiya, ya mayar da allinsa aljihu.

A ƙarshe wani fasinja ne ya ba shi labarin wata matacciyar Land Rover a bayan gidan wani ardo a wajejen Dorofi, wadda kaji suka mayar akurki. Dutse ya fasa ƙasan ƙaramin akwatinta shekaru da yawa da suka wuce, aka jingine ta, aka riƙa cire mata abin da ke ciruwa, akwatin giyar kuwa babu wanda ya kula da shi tun da a fashe yake. Suka kwance shi, ya yi alama, ya murɗa. Uku ba kaɗan. Ya gwada sandar aljihunsa da ta cikin akwatin, kaurinsu ɗaya. Ardon ba ya son rabuwa da akwatin a araha, domin ya ga yadda idon baƙon ya sauya. Kuɗin da aka tsayar, haɗe da na sababbin boris da ladan aiki, sai da suka cinye ɗan bijimin da direban ke kiwo domin auren ƴarsa ta fari. Ya daɗe yana jujjuya maganar kafin ya faɗa wa matarsa. Ta ce, "Maigida, bijimi ana sake samunsa. Ka je ka gyara motarka." Aka ɗaga auren zuwa wata kaka.

Aikin ya ɗauki kwana uku. Notunan akwatin da awon Ingila aka yi su, sifanun milimita da direban ya saba da su a Kamaru zamewa suke yi su cinye kan noti, sai da tsohon ya fito da nasa tsofaffin sifanun daga cikin wata jakar fata. Aka tsiyaye mai, aka kwance farfela biyu, aka cire kujeru da faranti na ƙasan motar, yara huɗu suka ɗago akwatin da igiya da gungumen icce ta cikin gidan direba. A kan tebur aka cire gangar birkin hannu da murfin ƙasa, aka zare sandar tsakiya, faifan ya sauko a hannu. Aka kwance gidan gaba da na baya, aka fitar da shaf da faya-fayansa. Tsohon ya wanke haƙoran Dorofi da kananzir, ya fita da su hasken rana, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da farce yana neman tsaga ko ramin tsatsa. Ya sami ƴar lalacewa a bakin haƙoran faifan ƙarfi, alamar wani direba da ya riƙa jan jar sanda mota na tafiya, ya goge ta da dutsen washi, ya ce za su yi.

Haɗawar ta fi kwancewar cin lokaci. Direban ya so a mayar da tsofaffin boris don a rage kuɗi, tsohon ya ƙi, ya ce ba zai buɗe akwatin nan sau biyu saboda rowar kwana ɗaya ba. Faifan tsakiya yana bukatar ƴar rata da zai motsa gaba da baya a kan sandarsa, tsakanin milimita 0.1 da 0.2, kaurin takarda ɗaya zuwa biyu ke nan. In ta yi kaɗan zai yi zafi ya ci wasar da ke gefensa, in ta yi yawa zai riƙa bugawa. Da siraran faya-fayan ƙarfe ake daidaita ta, ana sa wa ana cirewa ana aunawa. Boris ɗin shaf kuma ana matse su ne daidai ƙima, tsohon ya naɗa zare a jikin shaf ɗin, ya maƙala shi a ƙaramin sikeli irin na mahauta, ya ja yana karanta nauyin da ake bukata kafin ya juya. Sau uku yana kwance gidan baya yana sake faya-fayan kafin ya gamsu. Daga nan aka rufe, aka mayar da akwati mazauninsa, aka zuba man giya mai lamba 90, kimanin lita biyu da rabi a ƙaramin akwatin.

Suka loda duwatsu a bayan motar, suka nufi wani gangaren da ke sauka wajen kogin Donga. Tsohon ya zauna a gefe, ya ce a tsaya cik, a jawo jar sanda, a sa giya ta ɗaya. "Ɗauke ƙafarka daga birki. Ɗauke ta daga kuloci." Motar ta fara sauka tana kuka, inji yana riƙe da ita, ba ta ƙara gudu ba har ƙasa. Direban ya lura ƙafarsa tana rawa a sama da birki, ba ta sami abin yi ba. Da suka juyo, ya taɓa totur kaɗan, motar ta kama hawa a hankali, inji bai shaƙe ba, kuloci bai yi ƙauri ba. A ƙolin hawan tsohon ya sa ya kashe inji, ya ce, "Saurara, ɗana. Aksul ɗinka na baya tsohon ƙira ne, shaf ɗin tayarsa tsaga goma gare shi, kuma tun asali nan ne raunin motocin nan. Duk ƙarfin da muka ƙara ta cikinsa zai bi. Na ƙara wa motarka haƙuri, ban ƙara mata ƙashi ba. Kayan da mahaifinka ke ɗauka, kada ka wuce su." Direban ya ce, "To, Baba, na ji."

Ya ji ɗin kuwa, har damina ta wuce. Da rani ya shigo, hanya ta bushe, motar tana hawan da abokan aikinsa ke tsoro ba ta ko nishi, bashin wata uku kuma yana jiransa, ga maganar bijimi. Ya ƙara buhu biyu, bai ga kome ba. Ya ƙara huɗu. Ƴan kasuwa suka fara nemansa da suna a tasha, domin shi ke ɗaukar abin da wasu ke raba wa sawu biyu. Wata rana a wani hawa mai matakalar dutse, tayar baya ta yi tsalle ta juya a iska, ta dawo ta kama dutse alhali ƙafarsa na kan totur. Aka ji ƙara kamar ta bindiga. Shaf ɗin tayar ya tsinke daidai bakin tsagoginsa. Allah ya taƙaita, domin a giyar ƙarfi gaba da baya a ɗaure suke, tayoyin gaba suka riƙe motar, birki a bushe yake ya kama, yaron hayar ya sa weji ba gaggawa. Babu wanda ya ji ciwo. Amma sai da aka sauke kayan duka a gefen hanya, ya kwana yana gadinsu cikin sanyin tsauni, ya biya wani direba ya kwashe su, shi kuma ya zare karyayyen shaf, ya kwance farfelar baya, ya lallaɓa da tayoyin gaba har Gembu. Ribar ƙarin buhunan duk ta tafi, ta kuma ja wani abu a kanta.

Tsohon bai yi masa faɗa ba. Ya ɗauki guntun shaf ɗin ya nuna masa tsagogin, waɗanda aka ƙera a miƙe, yanzu sun karkace kamar igiyar da aka murɗa. Ya ce ƙarfen ya yi makonni yana murɗewa kaɗan-kaɗan kafin ranar da ya tsinke, kowane ƙarin buhu da rabonsa a ciki. Da aka samo wani shaf, ya ja masa miƙaƙƙen layi da farin fenti daga kai zuwa gindi, ya ce duk ƙarshen wata a zare shi a duba, ranar da layin ya fara karkata a sauya shi tun a gida. Direban ya karɓi gwangwanin fentin daga hannunsa, ya zagaya bayan motar, ya rubuta a cikin ƙyauren baya adadin buhunan da mahaifinsa ke ɗauka. Tun daga ranar, in ɗan kasuwa ya matsa masa, sai ya buɗe ƙyauren ya nuna masa lambar, ya ce ba shi ya sa ba.

Ƙafar yaron ta warke, ta bar masa ƴar ɗingishi wadda ba a lura da ita sai ya gaji. Uwarsa ta hana shi hanya har tsawon rani. Da damina ta dawo, shi da kansa ya roƙe ta, ta yi shiru kwana biyu, sa'an nan ta aika wa wanta cewa ta yarda, amma da sharaɗin a gaban mota zai zauna. Cikin watan Agusta suka iso ƙoramar nan da kayan da bai wuce lambar ƙyaure ba. Direban ya tsaya tun kafin ruwa, ya jawo jar sanda, ya ƙetare. A ɗan shimfiɗen da ke bayan ruwan ya ɗora ƙafar hagu a kan birki kaɗan yana tafiya, har gangunan suka yi ɗumi suka bushe. Da suka fuskanci hawan, yaron ya kai hannu ƙarƙashin kujera inda wejin yake, ya ce, "Kawu, in sauka?" Ya ce, "Zauna. Duba yadda nake riƙe totur, wata rana kai za ka yi." Fasinjoji biyu da suka zaɓi hawa da ƙafa suka wuce motar suna dariya, suka riga ta zuwa ƙoli, suka zauna a kan dutse suna jiranta. Ta iske su can bayan ƴan mintoci, inji bai mutu ba, wejin kuma yana inda yake.